Ba Korona Ce Ta Kashe Surukina Ba

Ranar Talata, cikin watan ƙaramar sallah na shekara ta biyu da ɓarkewar annoba, da ƙarfe biyar da minti goma na yamma, Allah ya karɓi ran surukina a gidanmu da ke hawa na tara a unguwar Cheras, cikin Kuala Lumpur. Mu uku ne a wurin. Matata, wadda ita ce 'yarsa ta fari, tana riƙe da ƙafarsa. Ni ina wajen kansa. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bamale da kowa a benen ke kira Pak Cik, yana tsaye a bakin ƙofa da takunkuminsa, saboda doka ta hana shiga gidan wani. Na'urar oksijin ta ci gaba da ƙugi bayan mai ita ya daina buƙatarta. Ni na kashe ta.

A Kano hantsi ne. Kafin azahar ɗinsu wayata ta yi zafi.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta fara samuna. Ta yi kuka, ta yi addu'a, sannan ta rage murya kamar wani na saurare.

"Ciwon nan ne ko?"

"A'a, Gwaggo. Ciwon huhu ne, ya daɗe da shi."

"To ai shi ne. Ba huhun yake kamawa ba? Ku dai faɗi gaskiya, mu ba za mu gaya wa kowa ba."

A zauren wayar ɗaliban Najeriya wani ya riga ya sanar cewa korona ta yi sanadin rasuwar mahaifin 'yar'uwarmu. Na rubuta gyara. Mutum goma sha ɗaya suka amsa da "Allah ya kare mu daga wannan annoba." Baffa, ƙanin marigayin da suke gida ɗaya a Kano, shi kuma nasa bayanin daban. Ya ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne. A gidanmu fanka ce.

Wani zai ce mene ne na damuwa, rai ya riga ya yi halinsa. Dalilina shi ne wannan. Surukina ya yi shekara kusan arba'in yana wanke mamatan unguwarsu, ba don sana'a ba. A shekararsa ta ƙarshe abu ɗaya yake tsoro, kada a rubuta masa korona, a naɗe shi a leda, waɗanda bai sani ba su binne shi ba tare da ruwa ya taɓa jikinsa ba. Don gudun wannan ya ɓoye ciwonsa har ya ci ƙarfinsa. Bai kamata bayan duk wannan a liƙa masa sunan ciwon da ya mutu yana gudu ba. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani, har da nawa laifin.

Baba, haka nake kiransa, tsohon hedimasta ne. Dogo, siriri, mai tsabta har ta yi yawa. Amsarsa ga kowace tambaya game da jikinsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Idan aka matsa, sai ya ce, "A bar maganar." Yana da wani abu guda da iyalinsa ba sa ambata. A saman soron gidansa akwai ɗakin tattabaru, tukwane jere a bango, tun yana saurayi. Kullum bayan asuba shi yake hawa ya share, a bushe, ƙura na tashi, ya tara kashin a buhu ya ba masu lambu. A ganinsa kiwon tattabara ba abin da hedimasta zai yi alfahari da shi ba ne, don haka idan baƙo ya zo yana can, sai a ce "Baba yana sama," kamar wani karatu yake yi.

Ya zo Kuala Lumpur don a cire masa yanar ido, da niyyar wata biyu. Matata tana karatun digirinta na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, ni ma ina nawa. An yi aikin lafiya. Saura kwana tara ya koma aka rufe iyakoki.

Sai ga mu cikin gida mai ɗaki uku, mutum uku da babu wanda al'ada ta yarda ya sake da wani. Bai taɓa kiran sunan matata ba, 'yar fari ce. Idan yana son abu, bango yake gaya wa: "A ce wa masu gidan nan shayin ya huce." Ni kuma suruki ne. A Kano gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, in tashi in tafi. A nan banɗakinmu na kallon nasa.

Muka samo dabara ba tare da mun yi shawara ba. Idan na ji ya yi gyaran murya a ɗakinsa, na san zai fito, sai in tattara takarduna in bar masa falo. Na yi fiye da shekara ina yin haka, ina ganin kaina mai ladabi. Ba gyaran murya ba ne. Tari ne, busasshe, wanda ke taso masa duk lokacin da ya miƙe. Kuma da yake ina barin wurin kafin ya fito, ban taɓa ganin yadda yake isowa kujera ba, yana dafa bango, yana haki daga tafiyar taku goma.

Abin haushin shi ne a watanninsa na farko ya warware. Tarin da ya zo da shi daga gida ya ragu. Kafin kulle har Kampung Baru muke zuwa Juma'a, ya hau matattakalar tashar jirgi da ƙafarsa, ya tsaya a rumfunan abinci yana nuna abin da yake so da baki yana cewa "tapau," wato a ƙunshe masa ya tafi da shi. Matata ta ce girkinta ne. Ni na ce iskar garin ce. Babu wanda ya lura cewa karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya yi nisa da tattabaru.

Ya nemo su da kansa. Da kulle ya yi tsawo, ya fara zuba tsakin shinkafa a baranda. Farko biyu suka zo, sannan aka daina ƙirga. Pak Cik ne ke kawo masa tsakin. Barandarsa na jikin tamu, shi ma shi kaɗai ne, 'ya'yansa suna wata jihar ba damar zuwa. Babu harshen da ya haɗa su sai na salla. Duk da haka kullum da hantsi suna zaune, kowa a nasa ɓangaren, Baba na yi masa bayanin tattabaru da Hausa.

"Ka ga waccan mai wuyan kore? Macen ce. Mijin ragon banza ne."

"Boleh, boleh," in ji Pak Cik, wato "to, to" a harshensu.

"Ai ka gane. Kai mutumin kirki ne, sai dai ba ka jin magana."

Ranar da Pak Cik ya kwanta zazzaɓi, Baba ne ya lura bai fito ba, ya gaya wa bango cewa maƙwabci bai ci abinci ba. Kwana biyar yana miƙa masa kwano ta saman katangar baranda da sandar abin goge ƙasa, yana cewa "makan, makan," wato "ci, ci," kalmar da ya koya daga bakinsa.

Masu kula da benen suka liƙa takardar hana ciyar da tsuntsaye. Matata ta karanta da ƙarfi, tana kallon firiji. Baba ya ce wa taga, "Waɗanda suka rubuta, su suka halicce su?" Bayan mako guda ya tsinci wata da zare ya sarƙe wa ƙafa, ya kai ta ɗakinsa cikin kwali. Ta warke ba ta tafi ba. Ta kawo miji. Ɗakin da tagarsa a rufe take saboda ruwan sama, a nan yake kwana da su.

Alamun duk suna gabanmu, kuma kowace mun ba ta suna mai daɗi. Ya koma salla a zaune, muka ce gwiwa. Ya rame, muka ce kewar tuwo. Maganarsa ta gajarce, kalma uku ya tsaya, muka ce kunya. Sau uku ana yi masa gwajin korona, sau uku babu. Duk ranar da sakamako ya fito sai mu yi hamdala mu sanar da gida cewa Baba lafiyarsa ƙalau. A shekarar nan duniya ta manta cewa akwai wani abin da ke hana tsoho numfashi ban da korona, mu ma muka manta tare da ita.

Zuwanmu asibiti na farko kan tarin nan matata ce ta matsa, ni na raka shi don in yi tafinta. Likitan unguwa ne, saurayi mai haƙuri. Ya sa abin sauraro a bayan Baba ya daɗe. Ya ce yana jin wani ƙaras-ƙaras a ƙasan huhun biyu. Sannan ya fara tambaya, ina juyawa.

Numfashi na yi masa wuya? "Da sauƙi."

Ya taɓa shan taba? Baba ya kalle ni kamar ni na ƙirƙiro tambayar. "Ka ce masa ni malami ne."

Ya yi aiki a inda ƙura take, ko hayaƙin itace? "Alli kawai."

Yana kiwon tsuntsaye, yanzu ko a da?

Baba ya dubi idona, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "A'a."

Na juya na gaya wa likita a'a. Da safen nan na ji kukansu ta ƙarƙashin ƙofarsa. Amma ƙaryata suruki a gaban baƙo, bakina bai iya ba. Na gaya wa kaina cewa aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da aka faɗa, kada ya ƙara kada ya rage. Likita ya ba da magani, ya rubuta takardar zuwa wurin ƙwararren huhu. Baba ya ninke ta ya sa a aljihu. Da na tambaya bayan kwana biyu, ya ce a bar maganar. Na bar ta wata bakwai.

Wata safiya ya fito daga alwala ya kasa kaiwa darduma. Ya zauna a ƙasa, leɓɓansa sun yi duhu. Matata ta maƙala masa ɗan abin auna iska a yatsa, ta ga lambar, ta ajiye kunyar shekara talatin da biyar a gefe. Ta tsaya a gabansa.

"Baba, yau za ka asibiti. Ko ka tashi ko a ɗauke ka."

"A ce wa..."

"Ba bangon da za a ce wa. Ga ni nan. Ni za ka gaya wa."

Ya tsaya yana neman iska. Da ya samu, ita ya kalla.

"In kuka kai ni... ba za su ba ku ni ba. Na gani a waya. Masu fararen kaya. Leda." Ya huta. "Na wanke mutum nawa? Ni a jefa ni haka?"

"An gwada ka sau uku, babu!"

"Na huɗun fa? A can ake ɗauka."

Wato duk watannin nan ba taurin kai kawai ba ne. Lissafi ya yi. Ya san numfashinsa na ƙarewa, ya zaɓi ya ƙare a inda za a wanke shi. Na ji tausayinsa, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a safiyar nan ba. Abin da yake buƙata shi ne ya buɗe baki tun farko. Abin da nake buƙata ni ma shi ne.

Na yi masa alkawari cewa ba za mu bar shi ya kwana a can ba sai da yardarsa. Da wannan ya shiga mota.

Ƙwararriyar likitar mace ce, mai magana a hankali. Bayan gwaji na huɗu ya nuna babu, aka yi masa hoton ƙirji na cikin na'ura, aka sa shi ya hura bututu. Ta zaunar da mu ta ce idan tsoho yana haki, kuma ba zuciya ba ce, akwai jerin abubuwan da take bi ɗaya bayan ɗaya. Toshewar hanyoyin iska daga taba ko hayaƙin girki. Asma. Tarin fuka. Nimoniya. Gudan jini da ya toshe jijiyar huhu. Ciwon daji. Ta ce ba ta ga ko ɗaya a cikinsu ba. Ta juyo mana da hoton ta nuna wasu wurare masu ramuka kamar saƙar zuma. Ta ce wannan tabo ne, huhun ya yi tauri, ba ya buɗewa. Irin wannan yakan zo ne idan jiki ya daɗe yana faɗa da wani abu da ake shaƙa. Ta duba takardar likitan farko ta ce an rubuta ba ya kiwon tsuntsaye.

Ban juya tambayar ba. Na ce mata yana kiwon tattabaru tun kafin a haifi matata, shi yake share ɗakinsu, kuma yanzu haka akwai huɗu a ƙarƙashin gadonsa.

Baba ya ji muryata ta yi tsawo. "Malam, me kake gaya mata?"

"Maganar tattabaru, Baba."

"Wa ya tambaye ka?"

"An tambaya tun wata bakwai. Yau na amsa."

Likitar ta yi bayani, na juya masa kalma da kalma. Ƙurar gashinsu da ta busasshen kashinsu ce. Ba kowane mai kiwo take kamawa ba, amma wanda ta kama, idan bai rabu da su ba, kumburin yakan koma tabo, tabo kuma ba ya gogewa. Na tambaye ta da an faɗa wata bakwai baya fa. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, yawancin tabon tsoho ne, amma da an rage gudun abin. Wannan ma na juya masa. Bai tambaya ba, ni na ga ya kamata mu ji tare.

Ya kwana huɗu a asibiti da yardarsa, muka dawo da magunguna da na'urar oksijin. Kafin ya iso na saki tattabarun, na wanke ɗakin, aka ja raga a baranda. Ya tsaya ya kalli ragar. Tattabarun na sauka a kan ƙarfen waje suna leƙe. Kwana tara bai amsa gaisuwata da fiye da "lafiya" ba. Ya ce wa bango wasu mutane sun zo duniya don su raba zumunci. Pak Cik ya koma zuba tsakin a filin ajiye motoci, can ƙasa, inda Baba zai iya hango su ta taga.

A rana ta goma, bayan azahar, ya yi tari. Na miƙe da takarduna kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Malam, zo."

Yana zaune a kan tabarma, igiyar oksijin a hancinsa, ya ajiye matashin kai a gabansa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Shigo. Zauna nan. Ka taɓa wanke mamaci?"

"A'a, Baba."

"Na sani. Hannunka... na takarda ne."

Ranar na fara zama a tabarma ɗaya da surukina. Matashin ne mamacin. Ya nuna mini yadda ake rufe al'aura, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, yadda ake ɗago kai a shafa ciki a hankali, alwala, sannan dama kafin hagu. Kowace jimla sai ya raba ta uku. Na ɗauko biro zan rubuta, ya buge mini hannu.

"A can... takarda za ka duba? Sake."

Na sake sau shida a ranar. Ya ce ina juya matashin kamar buhun gero. Ya ce ruwan kada ya yi sanyi, mamaci ma mutum ne. Ya ce abin da ka gani a jikin mamaci, a nan ka bar shi. Mako uku muna wannan darasi. Abu ɗaya ya dame shi, ina za a samu ganyen magarya a ƙasar nan. Na nuna wa Pak Cik hotonta a waya. Ya yi dariya ya shiga ciki, ya fito da tukunyar shuka ya ɗaga ta saman katanga. Su ma da ita suke wanka, bidara suke ce mata. Baba ya murza ganyen ya shinshina, ya ce, "Na gaya maka mutumin kirki ne."

Da ciwon ya tashi gaba ɗaya a makon ƙarshe, likitar ta gaya mana abin da asibiti zai iya da abin da ba zai iya ba. Baba ya zaɓi gida. Wannan karon da bakinsa ya faɗa, kuma ya ji duk bayanin kafin ya zaɓa.

Bayan rasuwar aka bi ƙa'ida. Aka kai rahoto, aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka yi gwaji na biyar. Wannan shi ne wanda ya yi shekara yana tsoro, kuma ba ya nan balle ya ce a bar maganar. Muka jira har washegari. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe aka kira ni. Babu. Aka ba mu shi.

A ɗakin wankan masallacin unguwa muka yi, mu uku da aka yarda su shiga: ni, da mai kula da wankan masallacin, da Pak Cik yana zuba ruwa. Na taɓa ruwan da bayan hannuna na ce a ƙara na zafi. Na fara da dama. Abin da na gani a jikinsa na bar shi a can. Da na gama, mai kula da wankan ya tambaye ni da Turanci ko aikina ne a ƙasarmu. Na ce a'a, shi ya koya mini.

An binne shi bayan azahar ranar Laraba, mutum goma a kan kabarin, iyakar abin da doka ta yarda. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mana, ya yalwata masa inda ya je.

Na aika wa Baffa bayanin likita da Hausa, a rubuce da kuma a murya. Ya yi godiya ya ce ya ji. Shi ya gaji tattabarun da ke saman soro, shi yake share ɗakinsu kullum bayan asuba. Da muka yi waya ranar sadakar arba'in, sau huɗu yana tsayawa ya yi tari. Ya ce kada in damu, an gwada shi korona, babu.